Me ya sa muke barin yara su fita wasa a Jos

Yaya, ka tambaya wai mu mutanen Jos ba ma tsoro ne, yara su fice bayan la'asar ba mai bin su, bayan duk abin da garin nan ya gani. Muna tsoro mana. Amma yaron da aka kulle a ɗaki da waya a hannu shi ma tsoro yake ba mu.

Ka san kakanninmu kuza ce ta kawo su, wasu kuma fatauci, suka zauna su Gangare da Dilimi, mu kuma muka tashi tsakanin duwatsu da ramukan kuza. Da an tashi daga Islamiyya sai gara taya da sanda, ko mu haɗa mota da gwangwanin madara mu yanka tsinkakken silifas mu yi mata tayoyi, ƙwallo kuwa tsumma ne da leda a ɗaure da roba, ga sanyin Disamba ƙafa duk faso amma wallahi ba mai komawa gida sai an kira magariba. 'Yan mata na ƙofar gida suna carafke da gaɗa. Abu ɗaya aka hana mu da gaske, wanka a tafkin kuza, don ruwan nan zurfi gare shi kuma yana cin yara, wanda aka kama da jiƙaƙƙen wando ya san sauran. In faɗa ya tashi a fili mu muke raba abinmu, ba mai rugawa gida kai ƙara sai in jini ya fita.

Toh abin da ya canza shi ne faɗin wurin. Da tare muke buga ƙwallo da yaran Birom da Ibo da Yarbawa, ai su Ahmed Musa da Mikel Obi duk a garin nan suka taso. Rikicin 2001 da na 2008 da 2010 suka raba unguwanni, yanzu yaron Anguwan Rogo ko Rikkos ya san layin da ba ya tsallakawa tun kafin ya iya karatu, wannan kam yana damuna sosai. Amma a cikin unguwa mai shayi da mai faci da mai kanti duk sun san ɗan wane ne, in ya yi ba daidai ba kafin ya iso gida labari ya riga shi.

In za ku zo hutu ka bar yaranka su fita da nawa, ka dai taho musu da rigar sanyi da man shafawa.