Tambayi Likitan Haƙori: Jinina zai iya mayar da ƙashin da ciwon dasashi ya cinye?

Tambaya: Likita, ni tela ne a Kasuwar Barci, shekarata 54. Turamena biyu na ƙasa sun fara girgiɗi, dasashina na jini in na yi asuwaki, ko zare na daina tsinkewa da haƙori. An ɗauki hoto aka ce ƙashin da ke riƙe da su ya zaizaye, wai za a ɗebi jinina a cusa a wurin. Wannan magani ne ko dabarar cin kuɗi? Daga wani tela, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Malam, magani ne, sunansa PRF, wato gudajin da ake haɗawa daga jinin majiyyaci, kuma wani likita a Faransa, Joseph Choukroun, ya fito da shi a 2001. Ana ɗibar jini kamar mililita 10 a hannunka, a sa a na'ura ta yi ta juya shi wajen minti 10. In an ciro kwalbar za ka ga jinin ya rabu uku: ja a ƙasa, ruwa a sama, a tsakiya kuma wani gudaji mai ruwan ɗorawa, mai yauƙi, kusan tsawon ɗan yatsa. A cikinsa ƙwayoyin da ke daskarar da jini in mutum ya yanke suke taruwa, su ne ke fitar da sinadaran da ke kiran sabuwar tsoka da ƙashi. Likita zai ɗaga dasashin, ya kankare saiwar haƙorin tas, ya danna gudajin cikin ramin da ƙashin ya zaizaye, ya ɗinke. Tunda jininka ne, jiki ba ya ƙin sa.

Sai dai ba kowane rami yake yi wa aiki ba, kuma nan nake so ka matsa wa likitanka da tambaya. In ramin mai zurfi ne, matsattse, da bangon ƙashi kewaye da shi kamar rijiya, akwai fatan ya ciko. In kuwa ƙashin ya zaizaye bai ɗaya kamar gaɓar Kogin Kaduna bayan damina, gudajin ba shi da inda zai zauna. Ka ce ya nuna maka a hoton wane iri ne naka.

Ni dai ba na taɓa wuƙa sai an fara wanke dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi, an jira makonni, an sake aunawa. A lafiyayyen dasashi, zurfin ramin da ke tsakaninsa da haƙori bai wuce milimita 3 ba. Wanda ya tsaya a 6 ko fiye bayan wankin shi ake yi wa maganar tiyata. Da yawa wankin kaɗai ke rage musu girgiɗin.

Ba ka gaya mini ko kana shan sigari ko kana da ciwon suga ba. In akwai ɗaya, a fara da shi, domin dukansu suna hana wurin warkewa. Bayan aikin kuma kada ka ƙosa, sai an yi wata shida zuwa tara hoto ke nuna ko ƙashin ya ƙaru. Zare kuwa, Malam, a bar wa almakashi.