Injin tatsar nono ya daina ja, ki duba bawul tukuna

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya baby. Kin ce injinki na tatsar nono ya rage ja, har kina shirin shiga kasuwar Wunti ki sayo sabo, dan Allah ki dakata tukuna, galibi ba motar da ke cikin injin ba ce ke lalacewa, ɗan bawul ɗin nan ne na roba mai kama da bakin agwagwa. Ki ciro shi ki ɗaga a haske, in kin ga bakin ya buɗe baya haɗewa ko ya ɗan tsage to iska ke zurarewa ta nan shi ya sa nonon baya fitowa sosai, mai tatsa kullum wata 1 zuwa 3 ya kamata ta canja shi, kuma ki nemi na kamfanin da ya yi injinki don na Avent ba lallai ya hau Spectra ba.

Wanki kuwa duk tatsa sai kin wanke abin da nono ya taɓa da sabulu, a roba ta daban da burushinsa daban, ba wadda ake wanke-wanke a ciki ba. Tunda baby bai kai wata 2 ba ki riƙa tafasa su minti 5 sau ɗaya a rana. Kar ki goge da tsumma, ki bar su su bushe da kansu sannan ki rufe, kin san ƙurar Bauchi da hunturu.

Tiyon iskar injin kuwa in kin ga raɓa a ciki ki cire kwalbar ki bar injin a kunne na 'yan mintuna ya bushe, amma in baƙin fumfuna ne wallahi yar da shi kawai, ba ya wankuwa.