Amsa ga mai tambaya kan kayan da ake saye a sayar a SAP

Malam, da na ga tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce kuna sarrafa man gyaɗa, kuna kuma sayo wani daga waje ku sayar yadda yake, an buɗe duka a FERT, ɗaya daga nau'o'in kaya a SAP, manhajar da kamfanoni ke riƙe lissafin kaya da kuɗi da ita, yanzu odar saye ta ƙi fita. Wannan ramin ni ma na faɗa shi a wata masana'antar shinkafa a Sharaɗa.

FERT na abin da kuka yi da hannunku ne, shi ya sa a tsarin SAP na asali ba shi da shafin saye. Abin da ake sayowa a sayar ba a taɓa shi ba, nau'insa HAWA ne. Yaran sito namu Hauwa suke ce masa. Shi yana da shafin saye da na sayarwa duka.

Mu wani ƙwararre aka ɗauko mana daga Legas. Na ce masa buhunan da muke sayowa a Dawanau ba mu muka sarrafa su ba, a ba su lambarsu daban. Ya kalle ni a gaban manaja ya ce ni sitokifa ne, in tsaya a ƙirga buhu. Ya shiga OMS2, inda ake saita nau'in kaya, ya buɗe wa FERT saye, aka tafa masa. To FERT ɗinmu yana kan tsayayyen farashi, kasuwa kuwa yau ta hau gobe ta sauka. Duk motar da aka sauke, bambancin kuɗin sai ya zube a asusun bambancin farashi, ba wanda ya kula. Da masu binciken kuɗi suka zo ƙarshen shekara, wa aka kira? Ni. Kwana uku ina cikin sito da tocila muna sake ƙirga buhuna, leburori suna kallona kamar an kama ɓarawo. Buhu ko ɗaya bai ɓata ba. Ƙwararren kuwa ya karɓi kuɗinsa, lambar wayarsa ma ta daina shiga. Har yau ba wanda ya ce min yi haƙuri, kuma a wannan watan matata ta haihu, a ofis na kusa yin suna.

Kada ka yi saurin zuwa MMAM, wurin sauya nau'in kaya, don mayar da shi HAWA. Muddin akwai kaya a sito, ko oda a buɗe, zai yi ta ba ka kuskure, har kayan watan da ya wuce yana dubawa. Mu daga baya sabuwar lamba muka buɗe a HAWA, farashi mai bin matsakaicin saye, muka juye abin da ya rage da 309, hanyar ɗauke kaya daga wata lamba zuwa wata. Amma kafin ka taɓa komai ka zaunar da akantanku ya duba OBYC, inda ake haɗa kaya da asusun kuɗi, a ga 3100, rukunin kayan HAWA, yana da asusunsa, ba ya haɗuwa da 7920 na FERT.

Ka kuma raba su a ƙasa, layi daban, alama daban, don mai lodi ba ruwansa da lamba, launin jarka yake gani. Duk abin da ka faɗa wa ƙwararrenku kuma ka tura shi ta imel, ka sa manaja a ciki. Ni da baki na faɗa.

Man da kuke sayowa, kuna sake zuba shi a jarkarku ne ko yadda ya zo yake fita? In kuna sake zubawa, maganar ta canza, ka faɗa min tukuna.