Ga ƙanena mai shirin zuwa Kumasi

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana so ka zo neman abinci, ka kuma tambaya ko zan tsaya maka ka karɓi katin ɗan ƙasa, wanda muke kira Ghana Card, tunda zango cike yake da Hausawa, wa zai bambance ka da mu. Masauki kam ka samu. Tsayawar ce ba zan yi ba, kuma ina so ka ji dalili don kada ka ɗauka rashin zumunci ne.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shigowa ba biza, ka zauna har kwana 90. Ka riƙo fasfonka da katin nan rawaya na allurar shawara. In ka ratso Kwatano da Lome ka iso Aflao, garin bakin iyakar Ghana, ka bi ta ƙofa, a buga maka hatimi, ka tsaya ka karanta kwanakin da aka rubuta. 'Yan babur za su yanyame ka suna cewa su zagaya da kai ta bayan gari da araha. Kada ka yarda, domin daga ranar hatimin ake fara lissafin komai. In zaman zai zarce, sai ka je ofishin shige da fice neman ƙarin kwanaki ko izinin zama. Baƙi ma suna da nasu katin, daga hukumar da ke ba mu namu. Da dala ake yanke kuɗinsa, ana sabunta shi duk shekara. Akwai tsada, amma da shi za ka yi rajistar layin waya ka buɗe asusun banki.

Mu a nan baƙo ba ya sauka haka kawai. Mai masaukinsa zai kai shi ya gai da liman, ya gai da sarkin zango, a san ɗan wane ne, daga wane gari. Mun gaji wannan tun zamanin fataucin goro a Gwanja, kafin yaƙin Salaga na 1892 ya watsa kakanninmu zuwa Kumasi da Kete-Krachi da bakin teku. Sarki zai shiga maganarka in rigima ta taso, jama'a za su ɗauke ka in ka kwanta ciwo. Sai dai sanin sarki ba ya zama takarda a gaban jami'in gwamnati, kuma mun koyi haka da hawaye.

A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Ministan Ghana Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu, ko ya samo ko ya fita. Yarabawa da Zabarmawa da Mosawa da Hausawa suka cika tashoshin mota. An sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance. Cikin waɗanda suka tafi har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba. Najeriya ma ta yi wa 'yan Ghana irin haka a 1983, ka ga ba halin ƙasa ɗaya ba ne. Tun daga nan dattijon zango ba ya wasa da takarda. Buɗe akwatin ƙarfensa ka gani: takardar haihuwa, tsohon katin zaɓe, rasit ɗin harajin gida, duk a naɗe cikin leda a ƙarƙashin rigunan sallah.

Ga inda abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. A Ghana haihuwa a ƙasa kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa, ta iyaye ko kakanni ake bi. Yaronmu zai je neman fasfo, da an ji sunansa Sani ko Garba sai tambaya ta ƙaru: ina garinku na asali, ina aka haifi kakanka? Shekaru muka yi muna fama kafin a fara saurarenmu. Wanda ba shi da takardar haihuwa, ɗan'uwansa ne ke rantsuwa a kansa, kuma da wannan rantsuwar tsofaffinmu da yawa suka samu katinsu. In na rantse a kanka bisa ƙarya aka gano, ni da kai mun shiga hannun hukuma, sannan gobe tsohuwar da aka haifa a unguwar Aboabo ta nan Kumasi ta zo da mai shaidarta na gaskiya a yi mata kallon maƙaryaciya. Wannan alhakin ba zan ɗauka ba.

Sai maganar shagon da ka ambata. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa saye da sayarwa a cikin kasuwa da talla, kuma a kanta aka sha rufe shagunan 'yan Najeriya a unguwar Suame ta Kumasi da kuma Accra. Saboda haka zuwan farko ka bar jarinka a gida. Ka zo ka yi wata guda ko biyu kana zagaya babbar kasuwar Kejetia, mu je ofishin shige da fice tare ka ji da kunnenka abin da za su nema a hannunka. Ka gaishe min da Inna da sauran mutan gida.