Buhun dawar da muke kaiwa gidan Jauro

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini shi bayan sallar isha'i. Ka ce me ya sa duk kaka sai an kai buhun dawa gidan Jauro mai garinmu, ko gonar ba tamu ba ce, haya muke biya? Na yi dariya har Hajiya ta leƙo. Amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai, don in kai da ka taso a gabanmu kana ganin haya ce, ban san abin da 'ya'yanka za su kira shi ba.

Gonar tamu ce, ba mai ja da mu. Sai dai asalinmu ba nan ba ne. Kakanmu, mahaifin kakanka, daga ƙasar Kano ya taso bayan yunwar Kakalaba ta 1914, da matarsa da allonsa da jaki. Lokacin Turawa ba su daɗe da cin ƙasar ba, tunda a 1903 aka yi yaƙin Burmi. An daina kamun bayi a hanya, sai mutane suka yi ta kwararowa neman ƙasar noma: Kanawa, Katsinawa, Barebari, Fulani da shanunsu, har da bayin da suka bar iyayengijinsu. Da ya iso, fadar Sarkin Gombe ma tana Nafada, inda aka mai da ita daga Gombe Abba a 1913. Sai a 1919, zamanin Sarki Umaru, aka dawo da ita Doma, Gomben da kuke taƙama da ita yanzu. Nan yankin Kumo kuwa daji ne, kura na kuka a bayan danga.

Ban ga zuwansa ba, amma na ga yadda ake karɓar baƙo. Bayan an buɗe gidan gurzar auduga a Gombe a 1956, sai baƙi suka ƙara yawa. Wata rana da almuru wasu Barebari suka yi sallama a ƙofar gidanmu, miji da mata da yara, ƙafafunsu duk faso. Matar na goye da jariri, ta ɗora tukunya a ka, a cikin tukunyar akwai irin gero ƙulle a tsumma. Kakanmu bai tambaye su daga ina ba sai da suka sha fura. Ni aka tasa daga ɗakina na koma soro. Kwana uku suna ci suna sha, sannan ya sa farar rigarsa, ya sayi goro, ya ce in ɗauko gatari in biyo su gidan Jauro.

Jauro ya ji bayani, ya tambayi mutumin sana'arsa, ya tambaya ko ya baro rigima a baya. Kakanmu ya ce, “Baƙona ne, in ya yi laifi ni za a nema.” Shi ke nan, aka nufi daji. Jauro na gaba da sandarsa, yana nuna itatuwa, ni ina miƙa gatari ana sara musu alama: wannan kuka, waccan tsamiya, har bakin kwari. Aka yi fatiha. Mutumin nan ya durƙusa ya damƙi ƙasar, hawaye na zubo masa. Ko sisi ba a karɓa ba. Damina ta farko ma daga rumbunmu ake auna musu hatsi, kakarmu tana ƙunƙuni tana aunawa.

A hanyar komawa kakanmu ya nuna mini wata kanya da tsohon tabon gatari a jikinta, ya ce nan mahaifin wannan Jauron ya tsaya ya yanka masa tasa gonar. Ya ce, “Jama'a su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba. Jauro da daji kawai ba Jauro ba ne.” Gaskiya ne kuma, shi ma yana da riba, don malaman haraji kawuna suke ƙirgawa, mai yawan mutane shi ne mai daraja a gaban hakimi. Amma ribarsa ba ta rage alherinsa ba. Kakarmu kuwa abin da take faɗa kullum shi ne yaba kyauta tukuici. Da dami ake kaiwa, mahaifinka ne ya mai da shi buhu.

Abin da ke damuna, jikokin Barebarin nan yanzu ko gaisuwar sallah ba sa zuwa mana, mu ma ba ma zuwa. Gonaki sun koma fuloti, baƙo ya sauka sai dai ya nemi dillali. Ku kanku na ji kuna kiran wasu 'yan cirani, kuna tambayar takardar shaidar asali, alhali da za a bi diddigi rabin garin nan da jaki suka shigo.

Ka tambaya kuma ko wajibi ne. Ba malamin da ya ce wajibi ne, su ma gidan Jauro ba su taɓa aiko a karɓa ba. Bana in an yi girbi ka nemi hutu ka zo, kai za ka kai. In ka shiga ka cire takalmi tun daga soro, ka faɗi sunan kakanka, ka zauna har a sallame ka. Ka gai da mahaifiyarka.