Tambaya da Amsa: Tarko Mai Tuta a Kan Tafkin da Ya Daskare

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka, kuma abokan aikina sun gayyace ni kamun kifi a kan tafki idan ruwa ya daskare a hunturun bana. Sun ce in nemi abin da shaguna ke kira tip-up, wato tarko mai tuta da ake ɗorawa a bakin ramin da aka huda a ƙanƙara. Na tarar da su iri-iri, na katako da na roba, dogaye da kewayayyu, har na rasa wanda zan ɗauka. Wanne ya dace da sabon shiga, kuma yaya ake aiki da shi? Daga wani mai karatu a Minnesota.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka cire ko sisi daga aljihu, yana da kyau ka fahimci abin da wannan tarko yake yi, domin idan ka gane aikinsa, zaɓen ba zai ba ka wahala ba. Jikinsa katako ne ko roba da ke kwanciya a kan ramin, da wani siririn ƙarfe da ya ratsa ta tsakiya, ƙasansa ɗauke da kwarkwaron zare a cikin ruwa, samansa kuma yana riƙe da tuta da aka lanƙwasa a kan sifirin. Idan kifi ya ɗauki ƙugiya ya ja, kwarkwaron zai juya, ƙarfen ya juya tare da shi, tutar ta kuɓuce ta miƙe tsaye. An nutsar da kwarkwaron ne da gangan, saboda ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara ba ya daskarewa, alhali jiƙaƙƙen zaren da aka bari a sarari zai sandare cikin 'yan mintoci. Aikin tarkon ke nan: ya saki zare ba tare da kifi ya ji turjiya ba, sannan ya sanar da kai. Kamun kuwa da hannunka za ka yi shi.

Saboda haka abin da za ka fara dubawa a shago shi ne yadda kwarkwaron yake juyawa. Ɗauki tarkon, ka murza shi da ɗan yatsa; idan ka ji yana cijewa ko yana gurzawa a cikin ɗumin shago, to a kan tafki abin zai fi haka muni, ajiye shi kawai. Masu kyau ana cika bututun ƙarfensu da giris na musamman wanda sanyi ba ya daskarar da shi. Dogon na katako, irin wanda kamfanin Beaver Dam na jihar Wisconsin ya yi suna da shi, yana da nauyin da iska ba ta kifar da shi, kuma yana daɗewa a hannun mai kula da kayansa. Kewayayyen, irin na kamfanin Frabill ko na HT, yana rufe bakin ramin gaba ɗaya, ya rage saurin daskarewarsa, ya hana dusar ƙanƙara cika shi, ya kuma tare hasken da kan razana kifi a wuri marar zurfi. Sai dai gajere ne, dusa mai yawa tana iya binne shi, kuma dole faɗinsa ya fi na raminka, wanda yawanci inci 8 ne ko 10. Akwai kuma mai fiffike da iska ke kaɗawa don ya riƙa motsa ƙugiya, amma zarensa a waje yake, ban ga dalilin da sabon shiga zai fara da shi ba. Shawarata ita ce ka sayi biyu, dogo ɗaya da kewayayye ɗaya. Dokar jiharka ma zare biyu ta yarda wa mutum a kan ƙanƙara a yawancin tafkuna, da sharaɗin kada ka yi nisan da ya wuce ƙafa 200 daga tarkonka. A Wisconsin uku ne. Ka yanki lasisi, ka karanta littafin dokokin shekarar, domin wasu tafkunan suna da nasu sharuɗɗan game da ƙugiya da girman kifin da za a tafi da shi.

A kan kwarkwaron ka naɗa saƙaƙƙen zare mai kauri, mai ɗaukar nauyin fam 20 zuwa 40, wanda ba ya cukurkuɗewa idan an zube shi a kan ƙanƙara kuma yana riƙuwa a hannun da sanyi ya kama. A ƙarshensa ake ɗaura wani guntun zare daban gwargwadon kifin da ake nema. Kifin faik, wato pike a Turance, yana da haƙora masu yanke zare, don haka siririyar waya ko zaren roba mai kauri sosai ake sa masa. Kifin walai kuwa, wato walleye a Turance, mai tsantseni ne, siririn zaren da ba ya ganuwa a ruwa ya fi dacewa da shi. Ɗan kifin da za ka maƙala a ƙugiya ka soke shi a bayansa, kusa da ƙayar baya, ba tare da ka taɓa ƙashin gadon bayan ba, don ya ci gaba da iyo. 'Yar darma ɗaya a sama da shi ta isa ta riƙe shi a inda kake so.

Zurfin da za ka ajiye shi ya fi kowace irin tuta muhimmanci. Ka maƙala darma mai nauyi a ƙugiya, ka sake ta har ta taɓa ƙasa, ka ɗago zaren gwargwadon tazarar da kake so, ka sa masa alama da maɓallin riga da ka zura tun farko, ta yadda bayan kowane kamu za ka koma daidai wurin ba tare da sake awo ba. Walai kusa da ƙasa yake kiwo, kamar ƙafa ɗaya sama da ita, kuma ya fi ci da asuba da goshin magariba. Faik yana farauta a gefen ciyayin ruwa, idanunsa suna kallon sama, shi ya sa ake rataya masa abinci sama da ciyayin.

Idan tuta ta tashi, kada ka sheƙa da gudu, domin ƙarar takun ƙafa tana ratsa ƙanƙara ta razana kifi. Ka iso a hankali, ka dubi kan ƙarfen: idan yana juyawa, kifin yana tafiya da zare. Ka cire safar hannu, ka ɗago tarkon ka ajiye shi gefe, ka riƙe zaren tsakanin yatsu har ka ji nauyi, sannan ka fizga sau ɗaya, gajeriyar fizga mai ƙarfi. Daga nan ka riƙa jawowa hannu bayan hannu, kana zube zaren a ɓangaren da iska ke nufa, kuma idan kifin ya yunƙura ka bar zaren ya sulale. Kada ka taɓa naɗe shi a hannunka. Yawancin manyan kifaye a bakin rami suke kuɓucewa, don haka ka jira sai kansa ya shigo ramin kafin ka ɗaga. Wanda za ka saki ka mayar da shi nan take, saboda iska mai tsananin sanyi tana lalata masa idanu da mashaƙa.

Duk wannan sai ƙanƙarar ta ɗauke ka. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jiharka ta ce kada a taka wadda kaurinta bai kai inci 4 ba, kuma wannan ga sabuwar ƙanƙara ce garai-garai. Farar da ta gauraya da dusa ƙarfinta kusan rabi ne, sai an ninka awon. Kauri yana bambanta a cikin tafki ɗaya, musamman kusa da mashigar rafi, saboda haka ka riƙa awo kana tafiya, ka rataya a wuyanka tsinken ƙarfe biyu da ake cakawa a ƙanƙara don fitowa daga ruwa idan ta fashe da mutum, kuma ka kasance tare da abokan nan naka.

TAMBAYA: Tutata tana yawan tashi, in je in tarar babu komai. Mene ne dalili? Daga wata mai karatu a lardin Ontariyo, Kanada.

AMSA: Malama, galibi ɗayan abu biyu ne. Ko dai iska ce ke ture tutar, wanda maganinsa shi ne ki juya tarkon ta yadda iskar za ta riƙa danna tutar cikin maƙalinta, ko kuma ɗan kifin ƙugiyar ya fi ƙarfin maƙalin. Yawancin tarkuna suna da maƙali biyu, mai sauƙin kuɓucewa da mai tauri, sai ki mayar da tutar kan mai taurin idan ɗan kifin babba ne, ko ki ɗan rage masa jela da almakashi. Idan kuma kin tarar an ja zare mai tsawo an yar, to kifi ya ɗauka ya ji turjiya ne. Ki duba ko ƙanƙara ta kama ƙarfen, ki kwashe ɓawon da ya taru a bakin ramin, sannan idan kin koma gida ki shanya tarkon ya bushe kafin ki sabunta masa giris.