Tambaya da Amsa: Shekaruna 39, in jira kafin a yi mini dashen ƙwai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 39, shekara 7 da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Likita ya ba mu shawarar dashen ƙwan haihuwa, wato IVF. Maigidana ya ce mu dakata shekara 2 mu tara kuɗi, tunda al'adata na zuwa a kan lokaci. Jiran zai cutar da ni?
Wata 'yar'uwa, Talata Mafara

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah Ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Gaskiya jiran zai cutar, kuma muna roƙon ki nuna wa maigida wannan amsar.

Da ƙwayayenta ake haihuwar mace, miliyan 1 zuwa 2, kuma jiki ba ya yin sababbi. Lokacin balaga saura kusan 300,000. Wajen shekara 37 saura kamar 25,000, daga nan sai raguwar ta ƙara sauri. Abin da ya fi damunmu shi ne lafiyar waɗanda suka rage. Kowane ƙwai ya kamata ya ɗauki ƙwayoyin gado, wato kromosom, guda 23. Ƙwan da ya daɗe a jiki yakan yi kuskure wajen rabo, ya fito da 22 ko 24. Maniyyi zai shige shi, a ga ɗan tayi kyakkyawa a ɗakin gwaji, amma in an dasa sai ya ƙi kamawa, ko ya kama ya zube cikin wata 3 na farko. A shekara 40, fiye da rabin 'yan tayin haka suke. Ita kuwa al'ada takan ci gaba da zuwa daidai shekaru bayan ƙwan ya yi rauni, kada ta yaudare ku.

Alƙaluman Birtaniya na 2019 sun nuna cewa cikin kowane ɗan tayi 100 da aka dasa, an haifi 32 ga matan da ba su kai 35 ba, 19 ga masu 38 zuwa 39, 11 ga masu 40 zuwa 42, sai 5 kacal ga masu 43 zuwa 44. Yau kina sahun 19, bayan shekara 2 kina sahun 11. Ga shi a lokacin za ki buƙaci allurai masu yawa, wataƙila kuma a maimaita aikin, kuɗin da aka tara su kasa.

Gwaje-gwajen farko ba su kai tsadar dashen ba, ki fara su a watan nan. Ki je sashen mata na Asibitin Tarayya da ke Gusau. Rana ta 2 zuwa ta 5 da fara al'ada a yi sikanin a ƙirga ƙananan buhunan ƙwai, a kuma nemi gwajin jini na AMH. Su biyun yawan ƙwai suke nunawa, lafiyarsa kuwa shekaru ne ke nuna ta. Bayan ɗaukewar jini a yi hoton HSG don a ga ko bututun mahaifa ya toshe, a duba ko akwai ƙari a mahaifa, a auna suga da hawan jini. Maigida ma ya ba da maniyyi bayan ƙaurace wa shimfiɗa kwana 2 zuwa 7. Sau da yawa matsalar daga namiji take, kuma zalunci ne a bar mace ita kaɗai tana zaryar asibiti.

Dashen kansa, wanda aka fi samu a manyan birane irin su Abuja da Legas, allurai ne na kwana 10 zuwa 12, a ciro ƙwai awa 36 bayan allurar ƙarshe, a haɗa da maniyyi, a mayar da ɗan tayi rana ta 3 ko ta 5, sai gwajin ciki bayan kusan mako 2. Ki tambayi cibiyar mata nawa masu shekarunki suka haihu a hannunsu da ƙwansu, don wasu samun ciki kawai suke ƙirgawa. Idan aka kawo maganar ƙwan wata mace, malaman Sunna sun halatta dashe ne tsakanin miji da matarsa kawai, da ƙwanta da maniyyinsa.

Tun yanzu ki fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, kuma kada ki sha ƙwayar sa ƙwai fita da ake saya a kemis ba tare da likita yana bin ki da sikanin ba.